Zanen fenti da aka gada: Kurmi ko Gidan Makama?

Wanda ya gaji tsohon zanen fenti daga kakansa, hanya biyu ce a gabansa: dillalin kayan da a Kasuwar Kurmi, ko masanan Gidan Makama, gidan tarihi na Kano.

Dillali ba ya ɓata lokaci. Zai juya zanen, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, nawa za ka bari?" Idonsa ya goge, amma fa mai son saye ba ya yabon kaya.

Masani kuwa sai ka yi haƙuri da tambayoyinsa. Wa ya kawo shi gidan? Akwai rasit, ko tsohon hoton da ya nuna shi rataye a zaure? Bayan zanen ma ya fi gabansa magana: ƙusa mai tsatsa, hatimi, rubutun fensir. Sai fentin kansa, wanda ɗakin gwaji ke tantancewa. Farin fentin titaniyam bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920. In shi aka shafa tun asali a zanen da ake cewa na zamanin Sarkin Kano Alu ne, wanda mulkinsa ya ƙare a 1903, zance ya mutu.

Ni dai Gidan Makama zan fara. Kafin nan, kada a bari yara su goge masa ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.