Ofishin lauyoyin da ya sasanta mu kan kuɗin inshorar Yaya

Yayana ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in maganar inshorar rai ta taso, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikaci, aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Sunan uwargida kaɗai ke fom, don ya cike shi tun kafin ya ƙara aure. Rigima ta kai har Hajiya, mahaifiyarmu, ta daina amsa gaisuwar surukarta uwargidan.

Wani ofishin lauyoyi a Wuse muka je. Lauyar ba ta yi mana gaggawa ba. Ta zaunar da matan biyu, da Hausa ta yi bayani, ta nuna musu abin da shari'a za ta ci na kuɗi da shekaru. Uwargida ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, a raba yadda Allah ya ce." Malami ya fitar da tumuni ga matan, sudusi ga Hajiya, saura na yara. Lauyar ta rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu.

Kuɗin aikinsu da ɗan tsada, kuma samun su a waya sai an yi haƙuri. Wurin ajiye mota babu, gara ka hau tasi.