Kaburburan sarakunan Sin: wanne ya cancanci kuɗinka da kwanakinka?

Yawancin mutanenmu sari ne ke kai su ƙasar Sin. Sai a gama lodi a Guangzhou a tarar da sauran kwana ɗaya ko biyu kafin jirgi. Ga mai son ganin yadda mutanen Sin na zamanin da suke binne sarakunansu, ga wurare uku da ake zuwa, kuma ba ɗaya suke ba.

Idan yini guda gare ka, kada ka fita daga Guangzhou. Kabarin Sarkin Nanyue, wata tsohuwar masarauta ta kudancin Sin, na tsakiyar gari, daura da lambun Yuexiu, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka kusa. A 1983 masu haƙar gini suka ci karo da shi, ɓarayin kabari ba su taɓa shi ba cikin shekara fiye da 2,000. Sarkin, Zhao Mo, an sa masa likkafani na dutse mai daraja da ake kira jade, guntaye sama da 2,000 da aka ɗinke da zaren siliki, don sun yi imani dutsen na hana gawa ruɓewa. Mutum 15 aka binne tare da shi, har da matansa huɗu, wai su ci gaba da yi masa hidima a lahira. Da ƙafarka za ka shiga ɗakunan. A ganina nan ne ake samun ilimi mai yawa da kuɗi kaɗan.

Xi'an ta fi suna, amma tana buƙatar kuɗin jirgi da aƙalla kwana biyu. Can ne sojojin yumɓu na Qin Shi Huang, sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, suke, kimanin 8,000, waɗanda manoma suka tono a 1974 suna haƙar rijiya. Abin da 'yan yawon buɗe ido ba su cika sani ba, kabarin sarkin kansa ba a buɗe shi ba har yau, tudu kawai za ka gani. Daɗin Xi'an ga Musulmi shi ne tsohon babban masallacinta da unguwar Musulmi, abincin halal ba ya wuya.

Kaburburan sarakunan daular Ming 13 kuwa, arewa da Beijin, sai dai in dama can za ka. Ɗaya kacal aka tono, wanda ake kira Dingling, kuma akwatunan da ke ciki kwaikwayo ne, ƙasusuwan sarkin an ƙone su a 1966. Hanyar shiga mai gumakan giwaye da raƙuma ta fi cikin kabarin kyau. Masu shirya yawo kan haɗa shi da Babbar Ganuwa. Ka tambaya tun farko ko akwai tsayawa a shaguna, don masu araha can suke cinye maka lokaci.

Al'adar da ke raye kuma ranar Qingming ake ganinta, 4 ko 5 ga Afrilu, iyalai na share kaburbura, suna ƙona kuɗin takarda don mamatansu. Fari ne launin makoki a wurinsu. Ranar cunkoso ce, haka ma makon farko na Oktoba. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, fasfo kuma ya kasance a aljihunka, da shi ake shiga.