CC BY-SA ko GFDL: wanne zai kare sunanka idan an taɓa littafinka?

Malam, tunda so kake kowa ya kwafi littafinka na koyon kwamfuta kyauta ba tare da an jingina maka abin da ba ka faɗa ba, ka ɗauki CC BY-SA 4.0, lasisin ƙungiyar Creative Commons da ke ba kowa izinin kwafa da gyara rubutu muddin ya ambaci sunan marubucin, ya kuma saki nasa a kan wannan lasisin.

Shi na sa wa ɗan jagoran da na rubuta wa malaman makaranta kan yadda ake buga ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta. Ya zaga sosai, har wata malama ta ƙara masa babin wayar hannu ta turo mini, na ji daɗi ƙwarai. Can sai wani mai cibiyar koyar da kwamfuta ya datse rabinsa, ya cusa tallar wata manhaja, ya bar sunana a bango kamar ni na ce a saya. Na rubuta masa cikin mutunci, na nuna masa abin da lasisin ya ce: duk wanda ya sauya rubutun dole ya bayyana cewa ya sauya, ba shi da ikon nuna cewa marubucin asali ya amince da aikinsa, kuma idan marubucin ya ce a cire sunansa, sai a cire. Ya cire, ya ba ni haƙuri. Lasisin ma yana ba wanda ya saɓa kwana 30 daga ranar da ya gane laifinsa, in ya gyara izininsa ya dawo, don haka magana takan mutu tun ba a je kotu ba.

GFDL kuwa, wani lasisin ne irin wannan, ƙungiyar Free Software Foundation ce ta fito da shi a 2000 domin littattafan manhaja. Ba zan ci amanarsa ba, yana da tsauri: mai gyara dole ya canza take, ya kuma ajiye tarihin gyare-gyare. Kana iya killace wasu sassa ka ce kada a taɓa, amma na gefe kawai, irin gabatarwar da ka faɗi ra'ayinka. Ainihin darasin da kake tsoro a kansa ba ya killatuwa. Na gwada shi a wata 'yar takarda, sai ga rubutun lasisin da Turanci, wanda dole ya bi kowane kwafi, ya fi takardar tsawo. Debian, ƙungiyar masu haɗa wani tsarin kwamfuta na Linux, ta yanke a 2006 cewa rubutu mai killatattun sassa ba 'yantacce ba ne, Wikipedia kuma ta koma CC BY-SA a 2009. Ta Hausa ma a kansa take, kenan darasinka zai iya shiga can kai tsaye.

Ka sani dukansu biyu sun yarda a buga a sayar, kuma in ka saki ba ka iya janyewa daga hannun waɗanda suka riga suka karɓa. Kada haushi ya kai ka ga CC BY-ND, lasisin da ke hana fitar da rubutun da aka sauya, domin zai hana a fitar da fassarar Fulfulde ko Kanuri sai da izininka.

Ka kiyayi masu cewa ka kawo kuɗi su yi maka rajistar Creative Commons. Babu wata rajista, kuma ko kobo ba a biya. Haka masu ɗab'in da ke goge sunan marubuci su manna nasu, suna nan da yawa. Ka rubuta sunanka da shekara da lambar bugu da sunan lasisin a shafi na biyu, ka maimaita a ƙasan kowane shafi, sannan ka ɗora asalin a inda kowa zai iya dubawa ya gwada da wanda ke hannunsa.