Ziltoid, baƙon da ya zo duniya neman kofi

Gyaran waya nake yi a Mabera. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ranar Sakkwato ke korar kowa daga titi, daga ni sai fanka a shago. A wannan lokacin nake sauraron abubuwan da ɗan yayata ke turo mini daga inda yake karatu. Da ya turo wani kundin waƙoƙi mai ba da labarin Ziltoid sai ya haɗa da saƙo: "Kawu, tatsuniya ce, amma da jita ake ba da ita." Mako uku ke nan ina jin ta kusan kullum.

Sunan kundin Ziltoid the Omniscient, na wani mawaƙin Kanada, Devin Townsend, ya fito a 2007. Waƙoƙi 11 ne, duka ba su cika awa ɗaya ba. Kiɗan metal ne, wato jitar lantarki mai ruri da ganguna masu zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Waƙoƙin a jere suke da labari guda, in ka tsallake ɗaya ka ɓata zaren.

Ga labarin. Ziltoid wata halitta ce daga duniyar da ake kira Ziltoidia 9. Ya iso da jirginsa, ya ba mutanen duniya minti biyar su kawo masa kofi, wato gahawa, wanda ya fi kowane daɗi. Aka kawo, ya kurɓa, ya ce wari yake yi, sai ya ɗaura yaƙi. Wani jarumi, Captain Spectacular, ya tsaya wa mutane, aka bi juna cikin sararin samaniya. Ziltoid ya je ya taso wani dodo mai farfasa duniyoyi don ya taya shi, dodon ya raina shi, ya ƙi.

Abin da ya riƙe ni shi ne mutumin bai yi wa kiɗan wasa ba don labarin na dariya ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama ya san wannan. Ɗan kama zai tsaya da murya irin ta wa'azi, ya jero ƙafiya ba tuntuɓe, alhali zancen tuwo da miya yake. Da ƙwarewarsa ta yi rauni, ba wanda zai yi dariya. Haka "By Your Command" take: minti takwas na kiɗa mai hawa da sauka, murya ta tashi daga kururuwa ta koma siririya mai daɗi, duk a kan ƙorafin kofi. Cika bakin Ziltoid kuwa irin na Gizo ne, mai kuri a gaban jama'a, mai rawar jiki in ya haɗu da wanda ya fi shi. Sai kuma "Hyperdrive", wadda ko wanda bai saba da hayaniya ba zai iya bi. Ita nake sawa in ina aikin da ke son natsuwa, kamar canza gilashin waya. An sake rera ta a 2009 da muryar wata mawaƙiya, Anneke van Giersbergen, amma ta farkon ta fi kwanta mini.

Na gwada kundin a kunnen mai shayin da ke gefen shagona. Ya saurara kaɗan, ya cire abin kunnen ya ce, "Malam, mi na wanga? Injin niƙa na?" Da na ba shi labarin sai ya yi dariya har ya ajiye ludayi, ya ce shi ma yana da irin Ziltoid ɗin, masu shan shayi bashi su ce madara ta yi kaɗan.

Akwai inda ban gamsu ba. Townsend shi kaɗai ya yi kundin, gangunan kuma da manhajar kwamfuta ya tsara su, ba hannun mutum ba. Kunnen da ya tashi da kalangu a filin dambe zai ji bambancin. Makaɗi yana jan kiɗa, ya saki, ya bi numfashin mai waƙa. Wannan kuwa bugu ɗaya ne cif-cif, musamman a "Ziltoidia Attaxx!!!", kuma yana gajiyar da kunne. Rabin dariyar kuma tana cikin maganganun da ake yi tsakanin waƙoƙi da Turanci, don haka wanda ba ya jin Turanci sai an ba shi labari tukuna. Sunan ma ya dame ni, don ma'anarsa wai masanin komai, mu kuwa mun san sanin komai na Allah ne shi kaɗai. Akwai kuma wani da aka laƙaba wa sunan mahalicci can kusa da ƙarshe, wurin nan ba na son sa. Abin da ya sa na ci gaba shi ne labarin tozarta mai wannan da'awar yake yi, har aka faɗa masa cewa shi ɗan tsana ne kawai.

Kada a ji shi ta lasifikar waya, komai zai cakuɗe. A nemi abin kunne mai kyau, a sauke shi da dare lokacin da data ke araha. Akwai ci gabansa, Z², da ya fito a 2014, amma da wannan ya kamata a fara.

Waƙar ƙarshe, "Tall Latte", ita ta fi tsaya mini a rai. Ashe duk yaƙin nan mafarkin ido biyu ne na wani yaron shagon sayar da kofi, maigidansa ya daka masa tsawa ya koma bakin aiki. Ranar da na fara jin wurin, na ɗaga kai na ga yaron mai shayi tsugune gaban bahon wanke kofuna, hannunsa cikin ruwa, idonsa can wajen titi. Ya daɗe a haka kafin maigidan ya kira sunansa.