Na gwada shafin irishgenealogy.ie wajen nemo kakan matar ƙanena

Matar ƙanena baturiya ce 'yar Liverpool, shekara tara kenan da aurensu, yara biyu. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai take ta maganar fasfon Ayalan, saboda kakanta na wajen uwa can aka haife shi, kuma dokar ƙasar ta ce in dai a tsibirin aka haifi kakanka kana iya rajista ka zama ɗan ƙasa. Matsalar dai abun da ta sani game da mutumin nan bai fi cikin cokali ba. Sunanshi, da cewa daga Mayo, wani yanki a yammacin Ayalan, ya zo yana saurayi, yayi lebura a tashar jirgin ruwa, ya rasu tun kafin a haife ta. Shikenan. Ni kuma Allah ya ɗora min son bin diddigi, ko a gida ni ce mai tasa Hajiya a gaba da wa ya haifi wa, sai matar ƙanena ta ce Anti dan Allah ki taimaka min. Na ce toh.

Da farko na yi wauta, na je wani shafi na kuɗi, ba zan faɗi sunanshi ba, suka ce gwajin kyauta ne amma sai na saka kati, na saka na manta, wata biyu suna zarar kuɗi a akawun ɗina kuma abun da na samu a can bai wuce bishiyoyin dangi da mutane suka kwafa daga juna ba, wani ma ya haɗa uwa da ɗan da ya girme ta. Wata abokiyar aikina 'yar Cork ta Ayalan ce ta ce min me ya kai ki, ai gwamnatinmu ta saka takardun kyauta.

Wallahi gaskiya ta faɗa. Shafin irishgenealogy.ie na gwamnatin Ayalan ne, ba kati ba kuɗin wata, kuma ba wai jerin sunaye kawai suke nuna maka ba, hoton ainihin shafin rajistar kake buɗewa da rubutun hannun ma'aikacin da ya rubuta. An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta kowa da kowa a 1864, auren waɗanda ba Katolika ba kuma tun 1845. Akwai iyaka saboda sirrin mutane: haihuwa sai wadda ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50. Namu an haife shi kafin yaƙin duniya na farko, dan haka yana ciki.

Amma fa kar wani ya ɗauka zai buga suna kawai kakan ya faɗo. Na buga sunan da Mayo, mutane suka zubo min kaman an zazzage buhun gero, duk suna ɗaya, duk kusan shekaru ɗaya. Mutanen nan al'adarsu ce su mayar wa ɗan fari sunan kakanshi, sai ka ga ƙauye guda Patrick biyar Michael shida Mary kam ba a magana. Sannan sunan yana canza kama, yau da O a gaba gobe babu, Bridget ta tsallaka teku ta koma Delia. Kwana uku ina zagaye a wuri ɗaya.

Abun da ya buɗe ƙofar ba a intanet yake ba, a gidan maman matar ƙanena yake, cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Mun je ranar Lahadi, tsohuwa ta haura tamanin amma kanta garau, ta fito da takardar auren iyayenta na nan Ingila, a jiki akwai sunan baban ango da sana'arshi, manomi. Sai wata wasiƙa da ta yi ja saboda tsufa, a samanta an rubuta sunan wani ɗan wuri sannan Kiltimagh, wani gari a Mayo. Wannan ɗan sunan shine komai. Ayalan a yanke take ƙanana ƙanana, suna ce musu taunlan, sun haura dubu 60, wani bai fi gidaje goma da gonakinsu ba, kuma da su ake rubuta adireshi a tsoffin takardu. In kana da shi ka gama, in babu kana laluben allura ne a cikin rairayi. Kiltimagh tana ƙarƙashin gundumar rajista ta Swinford, na saka Swinford na rage shekarun, na dinga buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya har na ga sunan uban da sunan wurin sun haɗu a layi guda.

Layin nan na daɗe ina kallonshi. Ranar haihuwa, sunan yaro, sunan uba, sunan uwa har da sunan gidansu kafin aure, sai a ƙarshe wajen wanda ya kawo labarin haihuwar, uwar ce da kanta, kuma ba ta iya rubutu ba sai ta yi alamar X ma'aikacin ya rubuta cewa alamarta ce. Matar ƙanena tana gani ta fashe da kuka, ni ma sai da na share hawaye, ni da ba dangin iya ba na baba.

Daga nan na tsallaka shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, inda ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911 suke, su ma kyauta. Ta 1911 tafi daɗi dan tana tambayar mace shekara nawa da aure, yara nawa ta haifa, nawa ke raye. Tamu ta haifi tara, bakwai a raye. Akwai wata takardar daban da ke faɗin gidan ɗaki nawa ne, taga nawa a gaba, rufin ciyawa ne ko a'a, har da ɗakin shanu. Nasu ɗaki biyu ne. Ga wani abun lura, kar ku yarda da shekarun da ke ciki ido rufe. Kakar da ke gidan tsakanin ƙidayar biyu shekara goma sha biyar ta ƙara maimakon goma, ashe abu ne sananne, an kawo fanshon tsofaffi a 1909 ga wanda ya kai 70, sai tsofaffi da yawa suka tsufa da sauri. Haka ranar haihuwa, akwai tara in ka makara wajen rajista, sai iyaye su matso da ranar gaba, shi yasa za ka ga yaron da aka yi wa baftisma kafin ranar da takarda ta ce an haife shi.

Inda abun ke tsayawa kuma ba laifin shafin bane. A watan Yunin 1922, farkon yaƙin basasarsu, ofishin ajiye takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ya ƙone, ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi sai ɗan abun da ba a rasa ba, na 1861 zuwa 1891 kuma dama gwamnati ta lalata su tun kafin nan. Dan haka wanda kakanninshi suka gudu lokacin babbar yunwar dankali da ta fara a 1845, wadda ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya ta kori fiye da miliyan zuwa Amurka da Kanada da Ingila, aikinshi yafi namu wuya nesa ba kusa ba. Sai dai ya koma littattafan cocin Katolika da ɗakin karatu na ƙasa ya saka a intanet a 2015, kyauta ne amma ba a neman suna a ciki, sai ka san cocin ka bi shafi shafi, wasu da Latin ma aka rubuta, yawanci kuma suna tsayawa wajajen 1880. Ko lissafin filaye na Griffith da aka yi tsakanin 1847 da 1864, shi kuma sunan mai gida kawai yake bayarwa.

Na so in samu jirgin da ya kawo shi Liverpool, babu, ba a rubuta sunayen fasinja tsakanin Ayalan da Birtaniya. Amma yayarshi da ta tafi New York mun same ta a takardun Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙin da suka shigo Amurka a lokacin, dan daga 1907 ana rubuta sunan ɗan uwa mafi kusa da ka baro a gida, ita babanta ta rubuta da wannan ɗan ƙauyen dai. Tsohuwa ba ta ma taɓa sanin tana da gwaggo a Amurka ba.

Shawarata ga mai irin wannan aikin, fara da tsofaffin gida da takardun ƙasar da mutumin ya sauka, sunan iyaye da sunan ƙauye kake nema, sannan ka shiga shafin. Kuma yi da kwamfuta, a waya rubutun hannun nan sai ya kashe maka ido. Hoton da ka sauke ba ya isa neman zama ɗan ƙasa, sai ka biya ofishin rajista su aiko maka da satifiket na hukuma. Abun da ya sosa mana rai shine yaran, tunda an haife su kafin uwarsu ta shiga rajistar, su ba za su samu ta wannan hanyar ba, da ta yi tun kafin aure da yanzu duk suna ciki.

Shafin kam na ba shi tara cikin goma. Takardun matar ƙanena suna Dublin muna jira, tsohuwa kuma ta sa an buga mata shafin mai alamar X an saka a firam, yana kan talabijin ɗinta, ta ce in rani yayi sai mun kai ta Kiltimagh ko a keken guragu ne.