GARGAƊI: Mai sayar da "shuɗiyar kariya" ya cinye min dubu 52

Jama'a, har yanzu raina bai huce ba. Naira dubu 52 cif na tura wa wani mutum a Facebook saboda dashen kariya (furen nan mai kumburin gindi) guda huɗu, wai daga Tailan aka kawo su, masu aure (wato an haɗa reshen wata a kan gindin wata), biyu furensu ninki-ninki, biyu shuɗaye.

Kada wani ya ce min ban san fure ba. Shekarata bakwai ina renon kariya a tsakar gidana a nan Kano. Na san ba ta son ruwa da yawa, gindinta ruɓewa yake in ƙasa ta riƙe laima, shi ya sa nake haɗa mata yashi da gawayi. Na san ruwan jikinta dafi ne, ba na barin yara su taɓa.

Maganarsa ce ta kama ni. "Hajiya, in kin dasa kar ki ba su ruwa sai sun kwana bakwai." Wanda bai san kariya ba ina zai san wannan? Ita nake ta juyawa a raina har cikin dare. Sun kwana bakwai. A nan na saki jiki.

Dubu 45 na fara turawa. A'a, kafin nan sai da ya turo bidiyon gandu cike da tukwane, ashe ba nasa ba ne. Daga baya ya ce dubu 7 kuɗin mota. Na tura. Dubu 52 ke nan.

Da aka karɓo kwalin daga tasha, sanduna huɗu na gani a baƙar leda, ko ganye ɗaya babu. Ya ce ai hunturu ne, kariya zubar da ganye take. Kuma haka ne, nawa ma sun zubar! Sati uku ina jira. Ranar da na ja ɗaya, sai ta fito salin-alin: ba saiwa, ba kumburin gindi, ba tabon aure. Reshe aka yanko aka soka a ƙasa, ƙarshensa ya yi laushi yana wari. A lokacin mutumin ya riga ya toshe lambata, ina ji tun sati na biyu.

Wani dattijo mai gandun furanni a bakin titi ya ce min kariya ja ce, ko ruwan hoda, ko fara, shuɗiya kuwa babu ita, rina hoton ake yi. Kunya ta hana ni faɗa masa nawa na biya.

Kar ku biya kafin ku ga saiwa da idonku. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wayata, zan ɗora su da yamma in sha Allah.