Rediyon Hannu ko Na'urar GPS: Wanne Ya Fi Amfani ga Matuƙin Babban Jirgi?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, wanda ya raka mahaifiyarsa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi lokacin jigilar maniyyata, ya tambaya: idan na'urorin jirgi suka ɗauke a sama, rediyon hannu ne zai fi taimakon matuƙi ko ƙaramar na'urar GPS mai nuna wa mutum inda yake?

Malam, rediyon da ake nufi ba irin oba-oban 'yan sintiri ba ne. Na jirage yana aiki ne tsakanin megahaz 118 da 137, kuma an keɓe 121.5 don neman agaji. Rauninsa shi ne ƙarfinsa bai wuce wat 5 ko 6 ba, eriyarsa gajeriya ce, sannan tana kulle cikin gangar jirgin ta ƙarfe, ga gilashin gaban jirgin da aka shimfiɗa wa siririn ƙarfe mai ɗumama shi don hana ƙanƙara, wanda shi ma yake danne sigina. Murya ba za ta yi nisa ba.

GPS kuwa ba ta aika komai, sauraro kawai take yi daga taurarin ɗan'adam na Amurka da ke nisan kilomita kusan 20,200, kuma huɗu sun ishe ta gane wuri da tsayi. Gilashin nan yana damun ta ita ma, kuma ana dagula siginarta da gangan a wasu sassan Gabas ta Tsakiya. Haka nan ba a yarda a sauka da ta hannu cikin hazo irin na hunturunmu ba.

Duk da haka, a ganina GPS ce gaba, domin an koya wa matuƙa su fara riƙe jirgi, sannan su san inda suka dosa, magana ta zo daga baya. Wanda rediyonsa ya mutu zai sa lamba 7600 a na'urar da rada ke karantawa, hasumiyar filin jirgi ta ba shi izinin sauka da koren haske. Wanda ya ɓata kuwa mai yake ƙonawa.

Gaskiyar magana, waɗannan kayan hannu sun fi dacewa da ƙananan jirage. Jirgin da ya ɗauki Hajiya yawanci yana da rediyo uku, ɗaya na iya aiki da batir, da na'urori masu lissafa hanya ba tare da tauraro ba, kuma irinsa da dama suna da farfela da ke fitowa iska ta juya ta don samar da wuta idan injuna suka tsaya.